Tsakanin Babu da Ban Sani Ba

Ƙarfe biyu saura kwata a Hull,
ruwan sama yana ta yi wa gilashin taga tsegumi.
Daga ni sai na'urar ɗumama ɗaki
da shayin da ya huce tun sha ɗaya.
Wata uku ke nan da muka kwashe bayanan asibitin
daga gidan Oracle zuwa gidan Postgres,
teburi bayan teburi, kamar masu tashi daga haya.
An yi tafi. Gethin har kek ya sayo.

Yau sai ga saƙon Sista Bernadette:
"Jerin tsofaffin da ba su da kowa ya daina ƙaruwa.
Ko dai Hull ta rabu da kaɗaici,
ko injinku ya koyi ƙarya."

Na buɗe ajiyayyen umarnin.
Wani Clive ya rubuta shi shekara goma sha bakwai baya,
ya bar gargaɗi ɗaya tak a layi na tamanin: kar a taɓa.
Clive ya yi ritaya. An ce zuma yake kiwo a Beverley.

Waƙafi na fara tuhuma, ita ce ɓarauniyar da aka saba kamawa.
Hannunta fes.
Na koma kan kwanan wata,
don ranar Oracle da agogo a ɗaure take zuwa,
ta Postgres kuwa hannu rabbana.
Nan ma shiru.
Na kwance haɗin teburi biyu, na sake ƙullawa,
na ce wa injin, nuna mini hanyar da kake bi.
Ya zayyano ta tsaf, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.
Ciwon da ba ya sa kuka, shi ne abin tsoro,
ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Sai uku da rabi na gan ta,
a gurbin da ake rubuta makusanci, wanda za a kira in ta ɓaci.
In tsoho ya bar wurin fayau,
Oracle sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, ban sani ba.
Postgres ya ce, a'a, na sani sarai,
an ba ni amsa, amsar ce babu komai a cikinta.
Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.
Clive masu "ban sani ba" ya sa a tattaro masa,
masu "babu" suka zurare ta ƙasan ƙofa
ba wanda ya ji motsinsu.

Gyaran bai kai tsawon ɗan yatsa ba.
Na gwada a rumbun gwaji, na yi bisimilla, na danna.
Suna arba'in da uku suka dawo,
suka jeru a allo ba hayaniya.
Na farko Doreen ce, shekara tamanin da shida, titin Hessle.
Wata uku ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa
saboda gidaje biyu sun kasa shirya kansu
a kan abin da ake kira wofi.

Bai kamata in duba nawa ba, ban kuma duba ba.
Na tuna dai ranar da na cike takardar,
sabon zuwa, rigar sanyin aro,
biro ya tsaya cak a kan wannan gurbi.
Yaya Lantana tana Funtuwa, lambarta ta fi akwatin tsawo.
Na tsallake.
Har sunana ma, Ɗantala, tsohon injin bai san ƙugiya ba,
alamar tambaya ya dasa mini a goshi.

Na rubuta wa Bernadette: a fara da Doreen.
A ƙarƙashin gargaɗin Clive na ƙara layi: na taɓa, ga dalili.
Asuba ta kusa, tsuntsayen teku sun fara faɗa a kan bola.
Motar farko sai biyar da minti goma.